Nasiha Kan Kiwon Kaji A Lokacin Bazara

Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan fili, yau maganarmu a kan kaji take. Kada wani ya raina maganar, gama kiwon kaji a zamanin nan ya wuce 'yar kazar tsakar gida wadda ake watsa wa hatsi da safe, ya zama sana'a wadda ake zuba wa jari mai nauyi. Malamai da yawa suna da ɗakin kaji a bayan gida domin taimakon iyali da almajirai, 'yan kasuwa kuma suna ɗaukar kaji da ƙwai daga wannan gari zuwa wancan. Duk da haka, ko wace shekara, daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, kuka ɗaya ake ji a ko'ina: kaji sun ƙi ci, sun ƙi girma, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi rauni, kuma manyan kajin da aka fi sa wa rai su ne suke faɗuwa matattu tsakanin azahar da la'asar. Daga nan sai zargi ya tashi. Wannan ya ce mai sayar da abinci ya cuce shi, wancan ya ce 'yan tsakin da aka kawo masa ba su da asali, wani kuma ya ce baki ne ya kama masa dukiya.

Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne, mafi yawan wannan hasara zafin rana ne yake kawo ta, ta hanyoyin da masana suka bincika suka gane. Saboda haka wanda zai yi kiwo a ƙasarmu, wajibi ne ya fara kashe kuɗinsa a kan inuwa da iska da ruwa, ya kuma yi lissafin lokaci, tun bai sayi ko da ɗan tsako guda ba.

Mu fara da halittar kaza. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin zafi, na kaza kuwa wajen 41 ne zuwa 42. Mutum in ya ji zafi sai ya yi gumi, iska ta busa gumin, jiki ya yi sanyi. Kaza ba ta gumi ko kaɗan, ga shi kuma an lulluɓe ta da gashi, tamkar wanda ya sa bargo a tsakiyar rana. Hanyoyin da take da su na fitar da zafi kaɗan ne. Takan buɗe fikafikanta, jini ya taru a zankonta da naman da ke reto ƙarƙashin bakinta da ƙafafunta, ta kwanta a ƙasa mai sanyi in ta samu. In wannan bai isa ba sai ta buɗe baki ta shiga haki, domin danshin maƙogwaronta ya fita da zafin. Babbar kaza ta fi jin daɗi in zafin ɗaki yana tsakanin digiri 18 da 24. In ya doshi 30 sai haki ya fara. In zafin jikinta kansa ya ƙaru da digiri 4 ko 5 bisa na ɗabi'a, to ta kai bakin halaka. Yanzu ka auna wannan da bazarar Sakkwato da Maiduguri da Kano da Damagaram, inda ma'auni kan haura 40 a inuwa cikin watan Afrilu, balle a ƙarƙashin rufin kwano. A ran 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Abin da ido ke gani ke nan. Akwai kuma abin da ke gudana a ɓoye, shi ne ya fi cin dukiya. A gindin wuyan kaza, daidai inda wuya ya shiga ƙirji, akwai wasu 'yan ƙwayoyin nama guda biyu ƙanana, likitoci suna ce musu tayiroid. Mutum ma yana da irinta a gaban wuya, ita ce in ta kumbura ake ce wa ciwon maƙoƙo. Aikinta shi ne ta ɗauki sinadarin aidin daga abinci, ta haɗa wasu sinadarai biyu ta zuba cikin jini. Na farko ana kiransa T4, wani Ba'amurke mai suna Edward Kendall ya fara ware shi a 1914. Na biyu T3, an gano shi a Ingila a 1952, shi ne kuma ya fi ƙarfin aiki. Waɗannan su ne suke kayyade saurin da jiki ke ƙona abinci. Ka misalta su da zuga-zugin maƙeri. In an matsa zuga, wuta ta ruru, ƙarfe ya yi laushi, aiki ya tafi da sauri, amma maƙera ta ɗauki zafi. In an sassauta, maƙera ta yi sanyi, aiki kuma ya ragu.

To, sa'ad da zafi ya daɗe a kan kaza kwana da kwanaki, sai jikinta ya sassauta zugar nan, T3 ya ragu a cikin jini, domin kada wutar ciki ta haɗu da ta waje. Wannan dabara ce ta ceton rai, amma mai kiwo shi ke biyan kuɗinta, domin da raguwar wutar nan sai ci ya ragu, gina tsoka ya ragu, girma ya tsaya. A 1996 wasu masu bincike a Faransa sun ajiye kaji a ɗaki mai digiri 32, wasu kuma a ɗaki mai digiri 22, suka riƙa auna wa na ɗaki mai sanyi abinci daidai da abin da na ɗaki mai zafi suka ci. Duk da cin ya zo ɗaya, na ɗaki mai zafi suka kasa kamo 'yan'uwansu a girma, kuma kitse ya fi yawa a jikinsu. Ma'anar wannan a fili take: buhun abinci guda ba ya ba da nama guda a bazara da hunturu. Masu lissafi sun ce abinci shi ke cin wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon kaji. Wanda ya bar kajinsa cikin zafi, a nan ne ribarsa take zurarewa, ko da kaza ɗaya ba ta mutu masa ba.

Mai hankali zai tambaya, in raguwar sinadarin nan ce ke hana girma, me zai hana a ƙara wa kaji shi a abinci? An gwada. Kajin da aka ƙara wa sinadarin tayiroid sun fi saurin mutuwa in zafi ya tsananta, gama an rura musu wuta a lokacin da jikinsu ke neman kashe ta. Darasin da ke ciki babba ne, watau babu wani ƙulli ko kwalba da za ta tilasta wa kaza girma alhali tana fama da numfashi. Sai an sanyaya mata wuri jikinta zai koma aikinsa da kansa.

Wani dattijo zai ce, ai kakanninmu sun yi kiwon kaji a wannan ƙasa da wannan rana, ba su san tayiroid ba, kajinsu kuma ba su ƙare ba. Gaskiya ne, amma kazarsu dabam, ta yau dabam. Kazar Hausa ƙarama ce, tana girma a hankali cikin watanni, tana yawo inda ta ga dama, in rana ta take ta shige ƙarƙashin rumbu ko gindin randa. Kazar nama ta gidan gona, wadda ake ce wa buroila, a ƙasashe masu sanyi aka yi ta zaɓen irinta shekara da shekaru domin saurin girma. A Jami'ar Albata ta ƙasar Kanada an yi kiwon iri uku a kan abinci ɗaya, aka buga sakamakon a 2014. A kwana 56, irin 1957 ya kai giram 905, irin 1978 ya kai giram 1,808, irin 2005 kuwa ya kai giram 4,202. Nauyi ya ninka fiye da sau huɗu, alhali zuciya da huhu ba su bi tsoka da wannan saurin ba. Kazar da ke girma haka, tanderu ce mai ƙafa biyu. Sa'an nan mu muka tara ɗari biyar a ɗaki guda, muka rufe da kwano, muka hana su neman inuwa da kansu. Wanda ya tsare dabba, ya ɗaukar wa kansa nauyin abin da da za ta yi wa kanta in tana sake. Wannan ma shi ne bayanin abin da ke ɗaure wa mutane kai, cewa zakaru mafiya ƙiba su ne suke fara mutuwa.

Yanzu mu zo ga abinci. Ko wane abinci yana haifar da zafi a jiki sa'ad da ake narka shi, kuma zafin yakan kai ƙarshensa bayan 'yan sa'o'i da ci. Wanda ya cika wa manyan kaji mazubi da hantsi, ya shirya zafin narkewa ya haɗu da zafin azahar. Abin da ya dace shi ne a ba su da asuba, a ɗauke mazuban tun kafin rana ta yi ƙarfi, a mayar da yamma in ta yi sanyi, a kunna musu fitila su ci da dare. Wannan ga manyan kajin nama ne, ban da 'yan tsaki, gama su a makonsu na farko ɗumi suke so, wajen digiri 32 zuwa 35, ana rage musu kaɗan kaɗan ko wane mako, kuma ba a raba su da abinci.

Kuma abinci ba ɗaya ba ne wajen haifar da zafi. Mai gina jiki, kamar ƙuli-ƙuli da waken suya, shi ya fi, masara da dawa suna bi masa, mai kuwa shi ne mafi ƙaranci. Saboda haka kuskure ne mutum ya ga kaji sun tsaya da girma ya labta musu ƙuli-ƙuli fiye da kima. Masu haɗa abinci da sani sukan ƙara ɗan mai a lokacin zafi, domin kaza ta sami ƙarfi daga ɗan abin da ta ci. A kuma kiyayi ƙuli-ƙuli da masara masu fumfuna, domin akwai guba a ciki wadda ke lalata hanta. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyada mai fumfuna da aka kawo daga Barazil, daga nan ne aka gano wannan guba. Kazar da zafi ya riga ya raunana ba za ta jure ta ba. Haka kuma masu haɗa abinci a gida su san cewa tayiroid ba ta aiki sai da aidin, kuma ɓawon rogo wanda ba a jiƙa ko an shanya shi sosai ba yana ɗauke da abin da ke hana ta ɗaukar aidin. Kada tsimin kuɗi ya sa a bar garin sinadaran da ake sayarwa domin haɗawa cikin abincin kaji. Kaɗan ake zubawa, amma rashinsa yana bayyana a ma'auni.

Masu kajin ƙwai kuma ga nasu rabon. Kaza takan ɗauki wajen sa'a 25 kafin ta gama ƙwai guda, wajen sa'a 20 daga ciki a kan ginin ɓawo suke tafiya, yawancinsu da dare. Ɓawo guda yana cin wajen giram 2 na kalsiyam, watau sinadarin da ke cikin ƙashi, wanda ake haɗawa da iskar kabon da ke narke cikin jini. In kaza ta yini tana haki, sai ta fitar da iskar nan fiye da kima, ma'aunin jininta ya karkace, kayan ginin ɓawo su yi ƙaranci. Ga shi kuma ba ta ci da yawa ba. Sakamakon shi ne ƙananan ƙwai masu fashewa a kiret tun ba a kai kasuwa ba, ɗan kasuwa ya zargi direba, direba ya zargi hanya. Taimakon da ake yi shi ne a ba su ɓarzajjen ƙashi, ko ɓarzajjen farin dutsen da ake yin siminti da shi, da yamma, domin manyan tsakuwoyin su zauna a ƙundu su riƙa narkewa cikin dare. Ana kuma sa bekin soda, irin na masu gashin burodi, da bitamin C a ruwa ko abinci, amma da awon da likitan dabbobi ya faɗa. Kada wani ya ce kanwa 'yar'uwar soda ce ya jefa dunƙule a kasko, gama yawan gishiri yana sa zawo, ya jiƙa shimfiɗa, ya ƙara wata cuta.

Ruwa kuwa shi ne uban magani. A lokacin sanyi kaza takan sha kamar ninki biyu na nauyin abin da ta ci, a bazara kuwa shanta yana ninkawa. Amma ba ta son ruwa mai ɗumi. Tankin roba baƙi a bisa rufi, a tsakiyar rana, tukunya ce a kan murhu. A sa tanki a inuwa, a lulluɓe shi da buhu mai danshi, a canza ruwan kasko da rana, a kuma ƙara yawan mazubai domin marasa ƙarfi su samu. Randar ƙasa da iyayenmu suka bar mana ta fi tankin da aka bari a rana.

Game da ɗaki, a gina shi tsawonsa daga gabas zuwa yamma, domin rana ta bi ta bisa rufi kada ta shiga ta gefe. A bar gefuna biyu a buɗe da waya, a ɗaga rufi, a bar kafa a ƙololuwarsa inda iska mai zafi za ta fita. Jinka ta fi kwano sanyi nesa ba kusa ba. Wanda ya riga ya yi kwano ya shimfiɗa masa zana ko kara, ko ya shafe shi da farin fenti. A dasa darbejiya a kewaye, amma a sassabe ƙananan rassa kada su tare iska. Yayyafa ruwa a rufi yana da amfani a busasshen zafin Maris da Afrilu. In hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi da danshi, to haki ba ya aiki sosai, a lokacin nan motsin iska ake bukata, ko da fanka mai aiki da hasken rana. Abu mafi araha duka shi ne rage yawan kaji a ɗaki. Ko wace kaza murhu ce ga maƙwabciyarta, kuma ɗari uku masu rai sun fi ɗari biyar da za a kwashi gawarsu a baro.

Na san za a ce wannan duka kuɗi ne, talaka ina zai samu? Sai in ce a duba inda kuɗin ke tafiya yanzu. Da kaji sun fara haki sai a ruga kanti a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a zuba a ruwa. Maganin nan ba ya rage zafi ko da digiri ɗaya. Illa dai saurarsa ta zauna a nama da ƙwai mutane su ci, ƙwayoyin cuta kuma su saba da shi, har ranar da za a bukace shi ga ɗan Adam ya ƙi aiki. Kuɗin kwalabe uku ya isa sayen zana. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Ku kuma fatake, wannan magana ta shafe ku kai tsaye. Kazar da ta tsira a gona takan mutu a hanya. Ana cusa su a keji, a jera keji bisa keji a kan mota, a rufe da tamfol, a tsaya a tasha da tsakar rana ana ciniki. Waɗanda ke tsakiya ba su da iskar da za su yi haki da ita. A yi lodi da dare ko da asuba, a rage yawansu a ko wane keji, a bar tazara tsakanin layuka, in an tsaya a tsaya a inuwa, in an isa kasuwa a fara ba su ruwa. Kazar da ta isa da rai amma ta yini tana haki ta riga ta rage nauyi, kuma ku ne kuke sayarwa bisa nauyi.

Akwai wani lissafi wanda malamai suka fi kowa saninsa. Shekarar wata tana kasa shekarar rana da wajen kwana 11, saboda haka Salla tana zagaya lokutan shekara. Ƙaramar Salla ta faɗo a watan Afrilu a 2023 da 2024, a 2025 kuma a ƙarshen Maris. Babbar Salla ta faɗo a farkon Yuni a 2025, tana kuma ja da baya zuwa cikin Mayu da Afrilu. Mai kiwo yakan sayi 'yan tsaki mako shida ko takwas kafin Salla, watau kajinsa za su kai ƙarshen nauyinsu daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi. Wanda ya san haka sai ya rage yawa, ko ya sayar da wuri, ko ya zaɓi irin da ya fi jure ƙasarmu. A cikin kajin gida akwai mai wuya ba gashi da mai gashi a murɗe, waɗanda wasu ke ƙyama, alhali bincike ya nuna sun fi fitar da zafi. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown domin yanayin wannan ƙasa. Ya kamata mai saye ya tambayi juriyar iri kamar yadda yake tambayar saurin girmansa.

Kada kuma a ɗauki maganata a kan cewa duk mutuwar kaji zafi ne. Annobar Niyukasul ta fi tsanani da hunturu, kuma tana da allurar rigakafi wadda cibiyar Vom ta ƙasar Filato ke yi. Murar tsuntsaye ta bayyana a Nijeriya a watan Fabrairu 2006. In kaji suna mutuwa dare da rana, manya da ƙanana, da kumburin kai, ko murɗewar wuya, ko koren zawo, to a kira likitan dabbobi nan da nan, kada a sayar, kada a yanka a ci. Mutuwar zafi tana da nata alamu: da rana take zuwa, manya take ɗauka, kuma tana sauƙi in gari ya yi sanyi.

Roƙona ga malamai, tun da ana jin maganarku a zaure da kasuwa, ku gaya wa jama'a cewa dabbar da aka tsare amana ce, kuma barinta tana haki ba ruwa ba inuwa zalunci ne tun kafin ya zama hasara. Roƙona ga attajirai masu ba da jari, kada ku ba da kuɗin 'yan tsaki sai kun ga rufin ɗakin da inda tankin ruwa yake. Mai kiwo kuma ya sayi ma'aunin zafi ya rataye a ɗaki daidai tsayin kaza, ya duba shi da azahar, ya rubuta abin da ya gani tare da abin da kajinsa suka ci. Cikin bazara guda littafinsa zai nuna masa wanda ke cin dukiyarsa. Allah ya sa mu gane, ya sa albarka a cikin nemanmu. Wassalam.